Kwana Tara Ina Ɗaurawa Ina Kwancewa: Yadda Na Gwada Na'urorin Sanyaya Furosesa Uku

Kwamfutar da nake aiki da ita ta kan tebur ce, kuma da hannuna na harhaɗa ta, saboda haka duk aibun da ya bayyana a jikinta ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Lokacin da na sauya mata babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, na kuma sa mata furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Ryzen 7 7700X na kamfanin AMD, sai na mayar da tsohuwar na'urar sanyayawa da na daɗe ina amfani da ita, don na ga ta zauna daram a kan sabon gurbin. Ba a rufa mako guda ba na fara jin abin da ban saba ji ba. Da zarar na ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi, musamman haɗa bidiyo, sai fankar ta tashi da gunji kamar za ta fice daga akwatin, manhajar HWiNFO da nake duba zafi da ita kuwa ta nuna digiri 95 a ma'aunin Selshiyos, ta kafe a nan ba gaba ba baya. Nan take na yanke hukunci cewa na'urar ta yi wa sabuwar furosesar kaɗan, na kuma ƙuduri aniyar in gwada wasu in gani da idona kafin in zaɓi wadda za ta maye gurbinta.

Guda uku na tara. Ta farko ita ce tsohuwar tawa mai hasumiya ɗaya, wato jeri guda na siraran farantan alminiyam, da bututun jan ƙarfe huɗu da fanka ɗaya mai faɗin milimita 120. Irin ƙirar nan ce da Hyper 212 ta kamfanin Cooler Master ta yi suna da ita, kamfanoni da yawa kuma suna ƙera irinta. Ta biyu ita ce Peerless Assassin 120 SE ta Thermalright, mai hasumiya biyu da bututu shida da fankoki biyu masu milimita 120, tsayinta milimita 155, kuma ita ce na saya sabuwa. Ta uku NH-D15 ce ta Noctua, kamfanin ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a 2014 ta kuma shafe shekaru ana auna sauran da ita: hasumiya biyu, bututu shida, fankoki biyu masu milimita 140, tsayi milimita 165, nauyi kuwa gram 1,320 idan an haɗa da fankokin. Wannan a wurin yayana na aro ta, domin ya cire ta daga tasa kwamfutar ya ajiye. Da zai miƙo mini kwalin sai ya ce, "Ka auna akwatinka kuwa?" Na ce, "Yaya, akwatin babba ne, zai ɗauka." Bai ƙara cewa komai ba, ya dai zuba mini ƙarafan ɗauri da doguwar sukudireba a ciki.

Kafin in kwance ko da sukuru ɗaya, na jera su ukun na ƙare musu kallo, domin ina so in fahimci abin da ke sa wata ta fi wata. Dukansu hanya ɗaya suke bi. Furosesa tana mayar da kusan duk wutar da ta ja zuwa zafi, kuma zafin yana fitowa ne daga ƙaramin gutsuren silikon da ke ƙarƙashin murfinta na ƙarfe. Ƙasan na'urar sanyayawa yana zama a kan wannan murfi ya karɓi zafin, ya miƙa shi ga bututan. Cikin kowane bututu rami ne da aka zuƙe iskarsa aka bar ɗan ruwa kaɗan, kuma da yake matsin da ke ciki ya ragu ƙwarai, ruwan yakan zama tururi tun zafi bai je ko kusa da digiri 100 ba. Tururin ya gudu zuwa inda farantan suke, ya huce ya koma ruwa, sannan wata shimfiɗa mai ƙananan kafofi da ke manne a bangon bututun ta tsotso shi ta dawo da shi wurin zafi, kamar yadda lagwani ke jan mai. Haka abin ke ta zagayawa ba tare da famfo ba. Farantan kuwa aikinsu shi ne su baza zafin a fili mai faɗi, fanka ta hura iska ta tsakaninsu ta tafi da shi. Ana yin ƙasan da bututan da jan ƙarfe saboda ya fi alminiyam saurin isar da zafi, ana kuma yin farantan da alminiyam saboda ya fi jan ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba.

Inda suka sha bamban a ido shi ne ƙasansu. A tsohuwar tawa an danne bututan huɗu an goge su, su ne suke taɓa murfin furosesa kai tsaye, kuma idan mutum ya bi da farce zai ji 'yan siraran layuka a tsakaninsu. Sauran biyun suna da farantin jan ƙarfe sumul da aka lulluɓe da nikel, bututan kuma suna manne a bayansa, ta yadda farantin zai rarraba musu zafin. A lokacin ban ba wannan muhimmanci ba. Batun gurbi ma bai ba ni wahala ba, domin da AMD ta fito da gurbin AM5 a 2022, wato mazaunin sabuwar furosesata a jikin madabod, ta bar ramukan ɗauri a inda suke a tsohon gurbin AM4, saboda haka yawancin na'urorin da suka hau tsohon suna hawa sabon, in dai suna amfani da farantin bayan da ya zo da madabod.

Gwajin farko da na yi, yanzu idan na tuna shi sai in ji kunya. Na ɗaura tsohuwar da safe na kunna Cinebench, manhajar da ke sa dukkan ƙwayoyin aiki takwas da ke cikin furosesar gudu lokaci guda, na rubuta lamba mafi girma da na gani. Na ɗaura ta biyu da rana tsaka, ta uku kuma da dare, a kowacce na bar madabod yana juya fankoki yadda ya ga dama, ƙofar gefen akwati kuma a buɗe don kada in sha wahalar rufewa da buɗewa. Sakamakon ya kusa sa in mayar da komai cikin kwali: tsohuwar ta kai 95, sauran biyun ma sun je gab da 95. Na zauna ina kallon takardar ina tambayar kaina yadda za a yi ƙarfen da ya ninka wani girma ya kasa ba da rata ta a zo a gani.

Amsar tana cikin halin furosesar kanta. AMD ta tsara jerin Ryzen 7000 ne yadda za su riƙa ƙara gudu da jan wuta muddin akwai sarari, har sai sun ci karo da ɗaya daga iyakokinsu, kuma digiri 95 tana cikin waɗannan iyakoki. Kamfanin ya bayyana cewa an gina su ne su yi aiki a nan ba tare da lahani ba. A takarda an rubuta wa 7700X wat 105, amma iyakar wutar da aka yarje mata ta ja daga gurbi wat 142 ce. To idan aka ɗora mata na'ura mai ƙarfi, ba za ta zauna ta more sanyin ba, sai ta kashe shi wajen ƙarin gudu, ma'aunin zafi kuma ya koma inda yake. Ashe lambar da nake ta rubutawa shingen da aka kafa wa furosesa take nunawa, ba ƙarfin na'urar ba. Akwai kuma dalili na biyu. Ƙwayoyin takwas ɗin duk suna cikin gutsure ɗaya da bai wuce kimanin murabba'in milimita 70 ba, kuma zafin sai ya ratsa murfi mai kauri kafin ya iso ga jan ƙarfen na'urar. Idan ƙofar fita ƙarama ce, komai faɗin filin da ke waje ba zai ƙara yawan masu fitowa sosai ba.

Sai na yaga takardar na sake lale. Na shiga bayos, wato manhajar saitin madabod, na kunna tsarin tsimin wuta da AMD ke kira Eco Mode, wanda ke tsayar da furosesar a wat 88, domin kowace na'ura ta karɓi zafi iri ɗaya, ma'aunin kuma ya samu damar motsawa ƙasa da 95. Na rataye ƙaramin ma'aunin zafi a gaban akwati, daidai inda iska ke shiga, na riƙa cire zafin ɗaki daga zafin furosesa a kowane gwaji. Wannan ragowar ita ce abin kwatantawa, domin na'urar iska ba ta iya sanyaya komai ƙasa da iskar da take shaƙa, kuma idan ɗaki ya ƙara digiri uku tsakanin safiya da rana, furosesa ma za ta ƙara kusan uku ba tare da laifin kowa ba. Na tsawaita kowane gwaji zuwa minti 30, na riƙa ɗaukar matsakaicin minti 10 na ƙarshe maimakon lamba mafi girma, saboda babbar na'ura tana da ƙarfe mai yawa da ke shanye zafi a mintunan farko, ta nuna kamar ta fi ƙarfinta na gaskiya, sai ƙarfen ya ƙoshi sannan halinta ya fito. Fankokin akwati na kulle su a gudu ɗaya, ƙofar gefe a rufe, man isar da zafi kuma, wanda ake sawa tsakanin furosesa da ƙasan na'ura, daga sirinji ɗaya ga duka ukun.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita ƙara, kuma a ganina shi ne ginshiƙin gwajin gaba ɗaya. Kowace na'ura za ta nuna sanyi idan aka sakar wa fankarta linzami, saboda haka kwatanta su a cikakken gudu tamkar tambaya ce wace ce ta fi iya ihu. Kwatanta su a juyi iri ɗaya ma ba adalci ba ne, domin fanka mai milimita 140 da ke juyi 1,000 a minti tana tura iska fiye da mai 120 a wannan juyin, kuma sautinsu ba ɗaya ba ne. Abin da na yi shi ne na kafa wayata rabin mita daga gefen akwati, na buɗe manhajar auna sauti, na riƙa rage gudun fankokin kowace na'ura har lambar ta zo daidai da wadda na zaɓa, wato ƙarar da zan iya zama kusa da ita sa'o'i ban damu ba. Makirufon waya ba kayan awon ƙwararru ba ne, kuma lambar da yake bayarwa ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, amma ya isa ya nuna cewa sauti biyu sun yi kusa da juna idan ba a motsa shi daga wurinsa ba. Da dare nake yin wannan, bayan ko'ina ya yi tsit. Dole kuma mutum ya riƙa tuna cewa desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, ba ya tafiya kamar mita ko kilo: ƙarin 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, kunne kuwa sai an ƙara kimanin 10 yake jin kamar ƙarar ta ninka. Ratar da ta yi kama da ƙarama a rubuce tana iya cika ɗaki.

Ɗaurawa da kwancewa ya zama mini aikin kullum. A kowane zagaye nakan bar kwamfutar ta ɗan yi aiki don man ya yi laushi, in kashe ta in zare wuta, in sassauta sukuru kaɗan-kaɗan bi da bi, sannan in murɗa na'urar a hankali hagu da dama kafin in ɗaga. Wannan murɗawar ɗabi'a ce da na koya tun zamanin AM4, inda busasshen mai kan iya fizgo furosesa daga gurbinta. A AM5 akwai mariƙin ƙarfe da ke danne ta, amma hannu ya riga ya saba. Daga nan in goge fuskokin biyu da ruwan aisofurofil, wani nau'in alkohol na goge-goge, da ƙyalle marar gashi har su yi ƙyalli, in ɗiga sabon mai. Aikin man shi ne cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin iskar da za ta maƙale a ciki tana cikin mafi munin abubuwa wajen isar da zafi. Amma shi kansa man bai kama ƙafar ƙarfe ba, don haka sirantarsa ake so, kuma matsin ɗauri ne ke sirantar da shi.

Kurakurai biyu na yi a nan, kuma duka nawa ne. A ɗaurin farko na sabuwar na'urar na manta da siririyar ledar kariya da ke manne a ƙasanta, sai da na ga zafi ya haura cikin daƙiƙu ko aiki ban ɗora ba sannan na gane. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Na ɗaure sukuru ɗaya har ƙarshe kafin in taɓa ɗayan, na'urar ta ɗan karkata, kuma da na ɗaga ta sai na ga man ya matse siriri a gefe guda ya taru da kauri a ɗayan. Tun daga nan na riƙa yin juyi biyu a wannan, biyu a wancan, har su tsaya da kansu, na kuma mayar da duba shatin man bayan kowace kwancewa wani ɓangare na gwajin. Idan shatin bai yi daidai ba, nakan soke sakamakon wannan zagaye in sake.

A ranar da na zo rufe ƙofar gefe a kan NH-D15 ne tambayar yayana ta dawo mini. Akwatina yana ɗaukar na'ura mai tsayi har milimita 170, ita kuma 165 ce, saboda haka a lissafina akwai sarari. Abin da ban lissafa ba shi ne sandunan ram ɗina, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, masu ado da fitilu a ka, waɗanda tsayinsu ya kai milimita 44. Fankar gaba tana rataye ne a saman gurbin ram, kuma kamfanin ya rubuta ƙarara cewa sararin da ke ƙarƙashinta milimita 32 ne. Ni ne ban karanta ba. Na ɗaga fankar da milimita 12 don ta haye ram, tsayin ya koma 177, ƙofar gilashi kuwa ta ƙi zama. A gwajin farko ban lura ba tunda a buɗe na bar ta. Mafita biyu ce: ko in cire fankar gaba in bar ta tsakiya ita kaɗai, inda sararin ram ke komawa milimita 64, ko in aro gajerun ram. Na yi duka biyun, don in san abin da fanka ta biyu take ƙarawa. Ita ma Peerless Assassin sai da na ɗan ɗaga fankarta ta gaba, amma da yake daga 155 ta fara, ƙofar ta rufu lafiya.

Bayan kwana tara, ga abin da takardar ta nuna. A ƙara iri ɗaya da wuta iri ɗaya, tsohuwar mai hasumiya ɗaya tana bayan sauran biyun da 'yan digiri, kuma rata ce da ta maimaita kanta a kowane zagaye, ba ta taɓa juyewa ba. Tsakanin manyan biyun kuwa, tazarar ta yi ƙanƙanta har na kasa rantsewa a kanta. NH-D15 da fankokinta biyu takan zo gaba da kimanin digiri ɗaya, da fanka ɗaya kuma su yi kunnen doki. Abin da ya hana ni ɗaukar wannan da muhimmanci shi ne na ɗaura kowacce sau uku, kuma bambancin da ke tsakanin ɗauri mai kyau da wani ɗauri mai kyau na na'ura guda ya kai wannan digiri ɗayan, wani lokaci ma ya wuce. Da sau ɗaya na gwada kowacce, da na fitar da gwarzuwa na yi ta yabonta, alhali abin da na auna hannuna ne da yadda man ya baje a ranar. A nan ne kuma batun ƙasan na'ura ya dawo mini. A furosesar AM5 gutsuren da ke ɗauke da ƙwayoyin aiki ba a tsakiyar murfi yake ba, ya karkata ƙasa ta ɓangaren katin hoto, wato allon da ke sarrafa hotuna, shi ya sa Noctua ta fitar da ƙarafan ɗauri da ke gusar da na'ura milimita 7 zuwa wajen. A ƙirar taɓawa kai tsaye irin tsohuwar tawa, bututun da ya faɗo daidai kan wurin zafi shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, na gefe su samu ragowa, kuma ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da ya ja ta baya, ban da ƙarancin farantanta.

Da na cire takunkumin wuta na mayar da furosesar halinta na asali, sai na daina kallon zafi na koma kallon gudu da makin Cinebench. Nan ma manyan biyun sun riƙe gudu fiye da tsohuwar, amma ratar ba ta kai abin da mutum zai ji a aikinsa ba sai da agogo a hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne furosesar a wat 88 ba ta yi asarar maki mai yawa ba idan aka kwatanta da cikakkiyar wuta, domin ɗan gudun nan na ƙarshe shi ne ya fi cin lantarki: ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin boltej, wato ƙarfin turin lantarki, zafi kuma yana hawa da sauri fiye da gudun. Har yau tsarin tsimin a kunne yake a kwamfutata. Gwajin wasa kuwa ya nuna mini cewa akwatin ma yana da nasa rabon, domin katin hoto yana zubar da zafinsa a ciki, na'urar furosesa kuma wannan iskar mai ɗumi take shaƙa. Da na wanke ragar ƙura na ƙara fanka ɗaya mai shigar da iska a gaba, duka ukun sun samu sauƙi.

Saura gunjin da ya tayar da maganar tun farko. Da na bi shi a hankali sai na ga rabinsa daga saitin bayos yake. Furosesar zamani tana iya tsalle da digiri da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kawai an buɗe wata manhaja, sannan ta sauko, madabod kuma yana bin kowane tsalle yana ƙara wa fanka gudu yana ragewa. Irin wannan gajeren tsalle ƙarfen na'ura ne ke shanye shi, fanka ba ta da abin da za ta yi a kai, kuma kunne ya fi damuwa da sautin da ke hawa da sauka fiye da wanda ya tsaya wuri guda. Na shimfiɗa layin gudun fanka ya zama ɗaya har zuwa digiri 70, daga nan ya riƙa hawa a hankali, na kuma sa jinkirin 'yan daƙiƙu kafin ta amsa. Da wannan kaɗai tsohuwar tawa ma ta yi dama-dama. Akwai kuma abin da manhajar sauti ba ta iya rubutawa: a lamba iri ɗaya, manyan fankoki masu milimita 140 sautinsu mai kauri ne da ke ɓacewa a bayan tunani, ƙananan kuwa sun ɗan fi siranta, kuma a wannan fage na fi jin daɗin wadda na aro.

Wannan sakamako na furosesata ne da akwatina, kuma ba zan ɗora shi a kan kowace kwamfuta ba. Core i9-13900K ta Intel, misali, an rubuta mata wat 125, amma tana iya jan har wat 253, iyakar zafinta kuma digiri 100 ce. A irin wannan nauyi ne yawan farantai da girman fanka suke nuna kansu, ratar da ta ɓuya a wat 88 ta fito fili. Lambar wat da ake bugawa a kwalin na'ura ma na daina dogara da ita wajen kwatanta kamfani da kamfani, domin babu ma'auni ɗaya da duka suke bi, kowa da yadda yake gwada nasa, Noctua ma ba ta buga irin wannan lamba, tana da nata ma'aunin dabam. Lambobin da suka yi mini amfani a takardun bayani su ne tsayin na'ura, da sararin ram, da jerin gurabun da take hawa.

Peerless Assassin ce na bari a kan furosesar, domin ta shiga akwatin da fankokinta biyu ba tare da na sauya ram ba, kuma ratar da ke tsakaninta da babbar ba ta wuce kuskuren hannuna ba. Tsohuwar na goge ta na ɗora a kan wata kwamfuta mai furosesar wat 65, inda fankarta take juyawa a hankali ba a ko jin ta. NH-D15 kuwa na share mata ƙura, na mayar da kowane ƙarfe cikin ledarsa, na kai wa mai ita. Yana ganina ya ce, "Ta shiga?" Na ce, "Ta shiga, Yaya, ƙofar ce dai ba ta rufu ba." Ya yi dariya, ya zazzage ledar a kan tebur ya ƙirga, ya ce sukuru ɗaya babu. Washegari na same shi a cikin kwalin sabuwar na'urar, ya gauraya da nata, na kai masa.